Yadda ake sa piriz a waje: baranda, tsakar gida da bakin famfo

Da bazara ta kankama a Yamai ɗaki ba ya kwantuwa. Kowa ya fito da katifarsa tsakar gida, sai a shiga neman inda za a jona fanka. Abin da aka saba shi ne a ziro ralanj, wato doguwar wayar ƙari, ta taga, a shimfiɗe shi a ƙasa, a kwana. Yuni na shigowa hadari ya taso tsakar dare, a kwashi yara da katifu a guje, ralanj kuwa a manta da shi cikin ruwa da wuta a jikinsa. Shi ya sa a irin wannan lokaci tambaya ɗaya ake ta maimaita mini: yaya ake sa piriz, wato soket, na dindindin a waje, wanda zai jure ruwa da ƙura kuma ba zai ja kowa ba?

Ma'aunan da zan kawo na ƙa'idar Faransa ne mai suna NF C 15-100, wadda masu aikin wutar da suka yi makaranta a nan suka koya. Wutarmu volt 220 ce. Bidiyon da kuke gani na Amurka a kan volt 120 aka yi su, da wasu kayan daban, don haka kada a kwafo lambobinsu. Aikin cikin tabulo, wato akwatin da ke rarraba wutar gida, da na wayar ƙasa na mai aikin wuta ne. Amma ko ba kai za ka riƙe turnabis ba, karanta duka, domin maigidan da ya san abin da ya kamata a yi masa ba a yi masa aikin ha'inci.

1. Karanci wurin tukuna

Dokar wutar Amurka, NEC, ta raba wuraren waje gida biyu, kuma rabon yana da amfani ko'ina. Akwai wuri mai danshi: ƙarƙashin baranda mai rufi, zaure, rumfar kwano, inda raɓa da feshi ke kaiwa amma ruwan sama ba ya duka kai tsaye. Akwai kuma wurin da ruwa ke duka: katangar da ba ta da rufi, bakin famfo, wurin wankin mota da babur, gindin tankin ruwa.

A nan mutane da yawa ke ruɗin kansu. Mutum ya tsaya da rana tsaka a watan Maris, ya ɗaga kai ya ga kwano, ya ce ai nan ruwa ba ya zuwa. Hadarin Yamai daga gabas yake tasowa, ƙura a gaba, ruwa a baya, kuma iskar tana kwantar da ruwan har ya riƙa shiga baranda a gicciye. Barandar da ke kallon gabas, ko rufinta ya kai mita biyu, ni wurin ruwa nake lissafa ta. Bangon da kansa zai gaya maka gaskiya. Duba inda fenti ya kumbura ya ɓare, inda jar ƙasa ta fantsamo ta yi zane a gindin bango, inda siminti ya yi baƙi-baƙi. Ɗaga kai ka nemi indararo, ka tuna inda yake zubarwa ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a watan Agusta. Sannan ka tambayi uwargida, domin ita ta san inda ake watsa ruwan wanke-wanke, inda ake shanya, da bangon da yara ke fesa wa tiyo in suna wanke tsakar gida. In ka yi shakka tsakanin danshi da ruwa, ɗauki ruwa.

Tsawo: mita ɗaya daga ƙasa, kada ya gaza haka. Waɗanda ke unguwannin da ruwa ke kwanciya, musamman bakin kogi irin su Lamorde, Kirkisoye da Saga da suka ga ambaliyar 2020, su nemi alamar da ruwa ya bari a bango, su hau sama da ita sosai. Tsakanin piriz da bakin famfo ko randa, shawarata a bar mita biyu, yadda wanda hannunsa ke cikin bokiti ba zai iya miƙa ɗaya hannun ya taɓa shi ba.

Hattara: makewayin tsakar gida da ake wanka a ciki ba wurin piriz ba ne, kowane irin marufi gare shi. Kada kuma a ɗaure piriz a jikin itace, ko ƙofar ƙarfe, ko dirkar rumfa. In bangon laka ne, kusa ba ta kamawa, kuma lakar tana riƙe danshi. A sa magini ya tayar da ɗan ginshiƙin bulo da siminti, a ɗora piriz ɗin a kai.

2. Leƙa tabulo ka nemi diferansiyel

Wannan matakin shi ne ran aikin, kuma shi ne aka fi tsallakewa, saboda ba a ganinsa daga tsakar gida. Marufi mai kyau yana kare piriz daga ruwa. Abin da ke kare mutum yana can cikin tabulo.

Ga lissafin. Wutar da ta kai miliyamfa 10 tana ƙanƙame tsokar hannu har mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. Daga 30 numfashi na iya tsayawa. Mutumin da ke tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, hannunsa a jiƙe, jikinsa ba ya tare wuta sosai, abin da zai bi ta cikinsa daga volt 220 yana iya haura miliyamfa 200. Shi kuwa ƙaramin disjonter, makunnin tabulo mai yanke wuta da kansa, wanda aka rubuta wa 16 ko 20, ba ya faɗuwa sai wuta ta haura amfa 16 ko 20, wato miliyamfa 16,000 ko 20,000. An yi shi ne don kada waya ta yi zafi ta kama da wuta. Babban disjonter na kusa da konter, na'urar ƙirga wuta, shi ma sau da yawa 500 mA ko 300 mA, wato miliyamfa, za ka gani a jikinsa, hakan ya yi yawa ga jikin ɗan Adam.

Diferansiyel na 30 mA aikinsa irin na makiyayi ne da ke ƙirga awaki a bakin garke: adadin da ya fita da safe shi zai dawo da yamma, in ɗaya ta ɓace ya san akwai ɓaraka. Yana auna wutar da ta fita ta wayar faz da wadda ta dawo ta netur. Bambanci na kaiwa miliyamfa 30, alamar wuta ta sulale ta bi ruwa, ko bango, ko mutum, sai ya yanke cikin ƙiftawar ido. Ƙa'idar Faransa ta wajabta shi a kan dukkan layukan gida. Amurkawa suna da nasu mai suna GFCI da ke yankewa a wajen miliyamfa 5, shi ma dole ne a kan piriz na waje.

Yadda za ka gane shi: ya fi sauran faɗi, yana da ɗan maɓalli mai harafin T, an kuma rubuta 30 mA ko 0,03 A. In babu, sai an sa kafin a ci gaba. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda zubar wuta kaɗai yake gani, shi sai an bi shi da ƙaramin disjonter. Akwai wanda ya haɗa aikin biyu a jiki ɗaya. Na biyun na fi so wa layin waje, a ba shi nasa shi kaɗai tun daga tabulo. Dalili kuwa, ranar da danshi ya shiga piriz ɗin waje da tsakar dare, layin waje kaɗai zai mutu, firigon da uwargida ta cika da ƙanƙarar sayarwa ya ci gaba da aiki. In za a jona injin wanki ko na'ura mai inbata, a nemi samfurin diferansiyel da aka rubuta wa A, ba AC ba.

Hattara: faz da netur na layin dukansu biyu za su bi ta cikin diferansiyel. In aka aro netur daga wani layi, zai yi ta faɗuwa ba dalili. A nan ne wani zai ce maka, «Alhaji, wannan abin ya cika fitina, bari in yi masa gada.» Kada ka yarda ko da wasa. Faɗuwarsa saƙo ne, a nemi inda wutar ke zuba. Konter da babban disjonter masu hatimin kamfanin wuta na NIGELEC kuma ba a buɗe su, aikinka daga bayansu yake farawa.

3. Wayar ƙasa

Gidaje da dama waya biyu kawai aka ja musu, ƙarfen nan da ya fito a saman piriz ba a haɗa shi da komai ba. In babu wayar ƙasa, injin tura ruwan da wuta ta taɓa gangar jikinsa zai zauna shiru da wutar, sai wani ya dafa shi sannan diferansiyel ya ji. In akwai ta, wutar na taɓa ƙarfen za ta gangara ƙasa, diferansiyel ya faɗi tun babu wanda ya matso. Su biyun tare suke aiki.

Ana kafa sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe ko galba, a buga ta ta shiga ƙasa kamar mita biyu. Daga kanta a ja wayar jan ƙarfe tsirara mai kauri 25 mm², ko mai riga kore da rawaya 16 mm², zuwa ɗan mahaɗin da ake kwancewa in za a yi awo, daga nan zuwa tabulo. Kan sandar a bar shi cikin ɗan rami mai murfi, don a riƙa duba mahaɗin.

Ƙasarmu ce matsalar. Yashi da marmara busassu ba sa karɓar wuta da sauƙi. Ƙa'ida ta ce awon yadda ƙasar ke tare wuta kada ya wuce om 100 in babban disjonter na 500 mA ne, kuma da na'urar awon ƙasa ake ganewa, ba da ido ba. A yi awon da rani, lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas, domin sandar da ta ba da lamba mai kyau a Agusta tana iya kasawa a Afrilu. Zaɓi gefen gidan da ba ya rabuwa da laima, kamar gindin shuke-shuken da ake ba ruwa kullum. In sanda ɗaya ba ta isa ba, a ƙara ta biyu da ta uku, a ba su tazarar da ta fi tsawonsu, a haɗe su. Gishiri da gawayin da aka saba zubawa a ramin suna sauko da lambar da farko, amma gishirin yana cin ƙarfe, damina biyu-uku kuma ruwa ya wanke shi. Ƙara sanda ya fi ɗorewa.

Hattara: wasu suna ɗaukar guntuwar waya su haɗa gurbin ƙasa da netur a cikin piriz, su ce an yi ter, wato wayar ƙasa. Ranar da netur ya tsinke a wani wuri, ko aka juya wayoyi, gangar jikin duk abin da aka jona za ta ɗauki volt 220. Bututun famfo ma ba a mayar da shi wayar ƙasa.

4. Sayen kaya

Ko Katako za ka, ko Babbar Kasuwa, ko kantin kayan wutan unguwa, tafi da jerin a rubuce, in da hali ka tafi da mai aikin.

Piriz ɗin: nemi haruffan IP da lambobi biyu a jikinsa, a gangar jikin, ba a kwali kaɗai ba. Lambar farko ta ƙura ce da ƙananan abubuwa, daga 0 zuwa 6. A 4, abin da ya fi milimita ɗaya ba ya shiga. A 5, ƙura ba ta shiga yadda za ta yi ɓarna. A 6, ba ta shiga sam. Lamba ta biyu ta ruwa ce: 4 tana jure fantsama daga kowane gefe, 5 tana jure feshin tiyo, 6 feshi mai ƙarfi, 7 nutsewa na ɗan lokaci. Mafi ƙarancin da ƙa'idar Faransa ta yarda da shi a waje IP24 ne, IP25 kuma inda ake fesa ruwa. Amma ba a rubuta wannan da hunturunmu a zuciya ba. Ƙurar da ta taru cikin piriz wata biyar, ranar da laimar farko ta same ta sai ta zama taɓo, taɓon kuma hanya ce ga wuta. Don haka a wuri mai danshi kada ka sauka ƙasa da IP44, a wurin ruwa IP55, ni kuwa da za a bi tawa IP55 za a sa duka biyun. Samfuran Plexo na Legrand da Mureva na Schneider a wannan matakin suke. Jabu masu ɗauke da manyan sunaye suna nan birjik, saboda haka buɗe ka gani da idonka. Marufin yana da sifirin da ke mayar da shi ya rufe gam? Akwai zoben roba a bakinsa da kuma tsakanin fuska da akwati? Ramukan biyu suna da ɗan ƙyauren ciki da ke hana yaro zira ƙusa? Ƙarafan ciki masu kauri ne, ko na gwangwani? In ka ga IK07 ko IK08, wannan awon jure duka ne, yana da amfani inda yara ke buga ƙwallo.

Kabul: baƙi mai tauri, an buga U-1000 R2V 3G2,5 a rigarsa. Waya uku ke nan masu kauri 2,5 mm², ɗaya kore da rawaya. Da shi ake sa disjonter na amfa 20 ko 16. Na 1,5 mm² ba ya wuce amfa 16, kuma ban ba da shawararsa a waje ba, domin ba ka san abin da za a jona gobe ba. In nisan ya doshi mita 40 kuma kaya mai nauyi za a ɗora, hau zuwa 4 mm², in ba haka ba wutar za ta raunana a hanya, injin ya yi ta gurnani yana zafi. Kafin a yanka maka, ce wa mai kanti, «Malam, ara mini wuƙa.» Kankare bakin wayar kaɗan. In ja ne har ciki, jan ƙarfe ne. In ka ga fari ya leƙo ƙarƙashin jan, alminiyom ne aka shafe, ajiye shi. Araha ba ta ado.

Sauran: bututun roba mai tauri da maƙalansa in ta bango za a bi, jan tiyo mai ƙwanƙwasa da jar raga in binnewa za a yi, ƙwayar roba mai murɗawa da ke shaƙe kabul a bakin akwati wadda masu kanti ke kira pres-etup, kusoshi marasa tsatsa da robobinsu, da silikon. Kayan aiki: injin huda bango, turnabis masu riga, abin fere waya, ma'aunin daidaito, da miltimetir na auna wuta.

Batun kuɗi: kabul ne ke cin kaso mafi girma in nisa ya yi yawa, sai diferansiyel, sai aikin wayar ƙasa in babu ita, sai ladan mai aiki da na mai haƙa. Piriz ɗin kansa, duk da ya fi na ɗaki tsada nesa ba kusa ba, ƙaramin abu ne a lissafin. Taya a kanti uku, ka sa mai aiki ya rubuta maka kowane kaya da kuɗinsa daban da ladansa. In jikunan ba su kai ba, rage yawan piriz, ko ka matso da shi kusa da tabulo. Ba a ragewa ta wajen diferansiyel, ba a ragewa ta kaurin waya.

5. Kashe wuta, ka tabbatar ta mutu

Sauke babban disjonter, ka liƙa takarda a kai, ka gaya wa mutanen gida da baki. In akwai gurup, wato janareta, ko faranti mai aiki da rana da batura, raba su da layin su ma. Gwada miltimetir ɗinka a inda ka san akwai wuta kafin ka kashe, sannan ka auna inda za ka taɓa. Turnabis mai ƴar fitila ba abin dogaro ba ne, cikin hasken rana ma ba a ganin ƙyallinsa.

Hattara: ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne. Kada a ce bari mu yi sauri tunda an ɗauke. Ba a sallama in za a maido ta.

6. Hanyar kabul

In ta bango ne, kabul ya bi cikin bututu mai tauri, a miƙe, maƙali kusa-kusa don kada zafi ya sa ya lanƙwashe. Bi gefen da ke samun inuwa in akwai. Farin tiyon ɗaki mai laushi ba ya jure ranarmu, shekara kaɗan zai riƙa marmashewa a hannu. Inda za a huda bango a fito waje, a karkata ramin ya gangaro ta waje, yadda ruwa ba zai bi kabul ya shiga ɗaki ba, a toshe bakinsa.

In za a ƙetare tsakar gida, binnewa ya fi ratayewa. Zurfi santimita 50, in mota na bi ta kai santimita 85. Zuba yashi mai laushi a gindin ramin, shimfiɗa jan tiyon da kabul a ciki, rufe da yashi, sannan a santimita 20 sama da shi a shimfiɗa jar ragar, a ƙarasa cikewa. Ragar nan ita ce za ta tsayar da wanda ya zo da diga bayan shekara biyar zai dasa mangwaro. Tsakaninsa da bututun ruwa a bar santimita 20. Kafin a mayar da ƙasa, ɗauki hoto da wayarka, bango ko ƙofa na fitowa a ciki don a gane layin.

Hattara: kabul guda za a ja daga tabulo har piriz. Ba a yin ƙulli a ƙarƙashin ƙasa. Murɗa waya a naɗe da salatef, ko a bango ne, zafi na narkar da gam ɗin, ruwa ya samu hanya. In dole sai an raba layi, a yi shi cikin akwatin IP55 a sama, inda hannu ke kaiwa. Bakin tiyon kuma a toshe shi, don ɓera da gara.

7. Ɗaura piriz da haɗa wayoyi

Daidaita akwatin, maƙalin marufi a sama, yadda nauyinsa zai taimaka ya rufe, ruwa kuma ya gangara ta kansa. Yi amfani da ramukan kusa da kamfani ya tanada, ka mayar da ƴan hulunan robar da ke rufe kan kusoshin. Duk ramin da ka ƙara da kanka ya rushe lambar IP ɗin da ka biya kuɗinta.

Kabul ta ƙasa yake shiga. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a gidajen mutane: piriz mai tsada, an shigo da waya ta sama, an yanke robar bakin da wuƙa ta yi gaho. Ruwa ya bi kabul ya sauka ciki, marufin gaba kuma ya hana shi fita, akwatin ya zama ƴar tukunya. In daga sama kabul ya gangaro, wuce da shi ƙasa da akwatin kaɗan, ka lanƙwaso shi ya hauro. Ruwan zai ɗiga a gindin lanƙwasar. Murɗa pres-etup har sai ka ja kabul ka ji bai motsa ba, kuma baƙar rigar ta shiga cikin akwati, kada wayoyi masu launi su leƙo waje.

Fere kowace waya daidai tsawon da aka zana a bayan piriz, kada jan ƙarfe ya fito fili, kada kuma kusa ta danne riga. Shuɗiya netur ce, gurbin N. Kore da rawaya ta tafi gurbin tsakiya mai alamar ƙasa, kuma ba a ba ta wani aiki daban har abada. Ja, baƙa ko ruwan ƙasa ita ce faz, gurbin L, bisa al'ada hannun dama in kana fuskantar piriz ƙarfen ƙasa na sama. Bar wayar ƙasa ta ɗan fi sauran tsawo, don in an fizgi kabul ta zama ta ƙarshen fita. Ɗaure sosai, ka ja kowace ɗaya ka ji. Sako-sakon ɗauri shi ke kawo zafi da ƙauri. Zaunar da zoben roba a gurbinsa kafin ka rufe fuskar. In bangon ba shi da santsi, ja silikon ta sama da gefe biyu, ka bar ƙasa.

Yanzu ga abin da masu kanti ba sa faɗa. IP55 ɗin piriz mai marufi yana aiki ne lokacin da marufin ke rufe. Ka ɗaga shi ka soka fulogi, kariyar ta ragu. Shi ya sa dokar Amurka ta ce a wurin da ruwa ke duka sai an sa murfi mai zurfi da ke rufe piriz da fulogi gaba ɗaya, waya ta fito ta ƙasa. Dabarar ta dace da mu. Abin da za a jona a cire nan take, kamar injin aski ko dutsen guga, marufi ya isa. Abin da zai kwana a jone, kamar fanka ko injin sanyi mai shan ruwa, a sa piriz ɗin cikin akwati mai ƙofa. Injin tura ruwa da ke zaune wuri ɗaya shekara da shekaru bai ma buƙatar piriz, a haɗa shi kai tsaye ta akwati mai makunni. Masu walda da masu wankin mota su nemi shuɗin piriz na masana'antu, mai IP44 ko IP67, wanda kariyarsa ke nan ko fulogi na ciki, a ba shi layinsa daban.

8. Gwaji

Mayar da wuta, ka auna. Faz da netur, wajen 220. Faz da ƙasa, kusan haka. Netur da ƙasa, sifiri ko ƴan volt kaɗan. In faz da ƙasa bai ba da komai ba, wayar ƙasa ba ta iso ba, kashe ka nemo. Jona fitila, ka je tabulo ka danna T. Dole ya faɗi nan take, fitilar ta mutu. Wannan maɓallin lafiyar diferansiyel kaɗai yake nunawa, bai san halin sandar ƙasa ba. Mai aiki ya gwada daga bakin piriz ɗin da na'urar da ke sakin miliyamfa 30 zuwa ƙasa, a gabanka, kafin ka cika masa kuɗinsa.

Bayan ruwan farko mai iska, kashe layin ka buɗe fuskar. In ka tarar da ɗigo ko laima, duba bakin kabul da zoben roba.

9. Amfani da kulawa

Piriz na amfa 16 yana ɗaukar wajen wat 3,500. Ranar suna ko biki, masu lasifika da fitilu da tukunyar shayi ta lantarki kada su taru a kansa. In sai an ƙara ralanj, a nemi baƙi mai rigar roba H07RN-F, mai waya uku, a warware shi duka daga kan gangarsa don kada ya yi zafi, a ɗaga mahaɗin daga ƙasa, a naɗe shi in an tashi.

Kada a taɓa mayar da piriz ɗin waje ƙofar shigar wutar gurup da waya mai fulogi biyu. Ƙarafan ɗaya bakin suna tsirara da wuta, kuma wutar na iya komawa kan layin titi ta samu ma'aikacin da ke bisa fal. Gurup ta makunnin sauya layi yake shiga, mai aikin kuma ya gwada ko diferansiyel yana faɗuwa a kan wutar gurup ɗin, domin ba kowane haɗi ne ke ba da haka ba.

Danna T sau ɗaya a wata. In ya ƙi faɗuwa, canza shi ake yi, ba a gyarawa. A watan Mayu, kafin hadarin farko, kashe layin ka buɗe piriz: share ƙura da busasshen buroshi, fitar da ginin zanzaro da tururuwa in sun shiga, ƙara ɗaure kusoshin wayoyi. Taɓa zoben robar, in ya bushe ya tsattsage a sake. Marufin da sifirinsa ya mutu ko ya karye, da fuskar da ta yi baƙin ƙuna a bakin ramuka, a sauke disjonter ɗin layin a bar shi a sauke har sai an sa sabo.